Hedimasta ne ke gyara makaranta, ko nauyin wasu aka ɗora masa?

Dakta, malamin tsangayar ilimi: Assalamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana: in ka cire abin da malami ke yi a cikin aji, babu abin da ya kai shugaban makaranta tasiri a kan karatun yara cikin abubuwan da ke hannun makaranta. Kenneth Leithwood da abokan aikinsa sun tattara bincike a kan haka a 2004, a rahoton da gidauniyar Wallace ta Amurka ta ɗauki nauyinsa. Sun ce shugabanci ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk tasirin makaranta.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam Dakta. Ban ƙaryata su ba, amma makarantunsu suka auna. Duk tsawon riƙona ban taɓa ɗaukar malami ba, ban taɓa sallamar kowa ba. Takarda ce ke zuwa: an kawo maka wane, an ɗauke wane. An taɓa ɗauke mini malamin lissafi a tsakiyar zango, ajin ya zauna haka har jarrabawa. Albashi ba a hannuna, ƙarin girma ba a hannuna, alli ma sai na roƙi iyayen yara. Sannan a ce ni ne kashi ɗaya cikin huɗu?

Malamar aji uku: Baba, ka yi haƙuri, a nan kam ina bayan Dakta. Na yi aiki da shugabanni biyu a makaranta ɗaya, rufin da ke yoyo bai canja ba, yaran ma su ne dai. Na farkon yana ƙarƙashin darbejiya har a tashi. Wadda ta gaje shi kuwa tana bakin ƙofa da littafin sa hannu, lokaci na cika ta ja jan layi. Ta kan shigo ajina ta zauna a bencin baya tare da yara. Wata rana bayan tashi ta ce mini, "Malama, yaran gaba kaɗai kike tambaya, na bayan nan ba su buɗe baki ba." Ban taɓa lura ba. Ita ma ba ta da ikon ɗauka ko kora.

Dakta: Madalla Malama, abin da Viviane Robinson ta jami'ar Auckland a New Zealand ta gano ke nan a 2008. Ta kwatanta shugaban da ke sa ido a kan koyarwa da wanda ya dogara ga zaburar da ma'aikata da kyakkyawan buri. Tasirin na farkon ya ninka na biyun sau uku zuwa huɗu. Abin da ya fi komai ƙarfi shi ne shugaba ya zauna cikin horon malamansa, yana koyo tare da su.

Mai duba makarantu: Dakta, tsaya. Matsalar tana wajen mayar da binciken aiki. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya an gwada shirin gyaran shugabancin makarantu: a auna makaranta, a ba ta maki, a rubuta mata tsarin ci gaba nata. Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh suka bi diddigi, an raba makarantun ta hanyar ƙuri'a don a kwatanta. Takardu sun cika tsaf, amma zuwan malamai bai ƙaru ba, koyarwa ba ta canja ba, karatun yara bai motsa ba. Duk da haka aka faɗaɗa irin shirin zuwa makarantu sama da 600,000. Mu ma da ESSPIN, wani shirin tallafa wa ilimi a Najeriya, ta yi aiki a Kano da Kaduna da Jigawa an horar da shugabanni a kan tsarin raya makaranta. Na sha shiga ofis in tarar da tsarin manne a bango, rana ta kashe rubutun, hedimasta bai leƙa aji ba a makon.

Ɗalibin digiri na biyu: Ranka ya daɗe Dakta, ni tambaya gare ni. Ta yaya aka san shugaban ne ya gyara makarantar, ba makaranta mai kyau ce ta jawo shugaba mai kyau ba? Ayyukan da nake gani a laburaren sashenmu yawanci takardar tambayoyi ce a raba wa malamai: shugabanku na shawara ne ko na kama-karya? Wa zai rubuta gaskiya alhali hedimastan ne ya raba takardar?

Dakta: Tambayarka ta yi, kuma wannan raunin namu ne mu masu duba ayyukan ɗalibai. Shi ya sa sababbin bincike ke bin makaranta ɗaya shekara da shekaru, su ga abin da ke faruwa idan shugaba ya canja. Jason Grissom da abokansa sun tattara irinsu a 2021, suka ƙiyasta cewa maye shugaba mai rauni da ƙwararre ya kai ƙarin karatun kusan wata uku a shekara, a lissafi da karatu.

Tsohon hedimasta: A Amurka. Dakta, ni ban sauka ba. Malama ta yi dace da mace mai himma, Allah ya saka mata. Amma wa ya zaɓe ta? Da wane ma'auni? Muddin daɗewa a aiki ko sanin wani ne ke ba da kujerar, kuma gobe ana iya ɗauke ta ba shawara, to a fara tuhumar masu naɗin kafin a zo kanmu.

Malamar aji uku: Gaskiya ne Baba, an ɗauke ta kuwa. Dakta, don Allah cikin ɗalibanka ka turo mana ko mutum ɗaya ya zauna zango guda a makarantarmu, ya gwada karatun yara a farko da ƙarshe, ya rubuta sau nawa hedimasta ya shiga aji. Zan ba shi kujera a ajina.