Taƙaitawa: Abin da aka tattauna kan allurar Botox

1. An yi ittifaƙi cewa tana sassauta tsokar da ke tattare fata ne, don haka tamojin goshi da gefen ido take gyarawa. Fatar da ta saki saboda shekaru kuwa, ba ruwanta.

2. Tsakanin gira, yawanci yunit 20 (ma'aunin yawan maganin) ake rabawa wuri 5. Tana fara aiki cikin kwana 3 zuwa 5, ta kammala a mako 2, ta gushe bayan wata 3 zuwa 4.

3. Kada a murza wurin. Idan maganin ya malala ƙasa, fatar ido na iya faɗowa na makonni.

4. Masu ciki, masu shayarwa da masu ciwon raunin tsoka su haƙura. A tabbata likita ne zai yi allurar, kuma kwalbar daga firji ta fito.

5. Inda aka rabu: farawa tun kafin tamoji ya bayyana. Wasu sun ce rigakafi ne, wasu suka ce asarar kuɗi kawai.