Masu bin Giant Bombcast: daga ina sabon shiga zai kama?

Sabon shiga: Salamu alaikum, yayyena. Shirin nan na sauti (podcast) kan wasannin bidiyo tun 2008 yake fita duk mako, kashi-kashi sun yi ɗaruruwa. Daga farko ake kamawa ko daga na yanzu?

Mai tsohuwar PS2: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara sanin tushen. A Nuwamban 2007 GameSpot, shafin labaran wasannin bidiyo, ta sallami ma'aikacinta Jeff Gerstmann, jim kaɗan bayan ya ba wa wasan Kane & Lynch: Dead Men maki 6 cikin 10, alhali tallar wasan ta cika shafin. Ryan Davis ya bi shi waje, suka fara shirin a Maris 2008, sannan Brad Shoemaker da Vinny Caravella suka same su. Waɗannan huɗun su ne ginshiƙi. Ryan ne mai jan ragama har rasuwarsa a Yulin 2013, yana da shekara 34, kwanaki kaɗan bayan ɗaurin aurensa. Ka ɗauki kashi biyar a jere daga 2009 ko 2010. Tsinta ɗaya nan ɗaya can ba ta yi, domin rabin dariyar tasu ta tsohon zance ce da suke dawo da shi mako bayan mako.

Mai lissafin data: Kafin tarihi, a duba aljihu. Kashi ɗaya yakan kai awa uku. Sauti mai nauyin 128 kbps yana cin kusan MB 58 a awa, wato wajen MB 170 ke nan a kashi ɗaya. Mai 64 kbps rabin haka. Inda ake ƙonewa shi ne barin manhaja tana sauke sababbi da kanta. Kashe wannan, ka sauke da hannunka da datar dare. Na bidiyon kuwa ka bar shi, mutane ne zaune gaban makirufo.

Yaya Babba: Malam mai PS2, ka tsaya a 2013 kamar nan duniya ta ƙare. Daga baya Brad ya karɓi jagoranci. Dan Ryckert ya shigo a 2014, kuma shi kaɗai ya canza launin hirar da tambayoyinsa na ban mamaki kan abinci. A 2015 aka buɗe ɗan'uwan shirin, Giant Beastcast, a New York, Vinny na jagoranta. A Mayun 2021 Vinny da Brad da Alex Navarro suka fita suka kafa nasu dandalin, Nextlander, Gerstmann ma ya tafi a 2022 ya buɗe nasa. A 'yan shekarun nan Jan Ochoa ne ke gabatarwa. Giant Bomb, shafin da ke da shirin, ya sha canza hannu: CBS a 2012, Red Ventures a 2020, Fandom a 2022, sai a 2025 ma'aikatan suka saye abinsu. To wanda ya ji na 2010 ya tsallako na bana, zai rantse ba shiri ɗaya ba ne.

Mai kunne: Abin da ke kayar da sabo shi ne muryoyi. Mutum huɗu ko biyar, Turancin Amurka, suna katse juna. Kada ka ƙara gudun sauti sai ka iya bambance su. A fara da 1.0, in kunne ya saba a kai 1.2. Tsarin kuma ba ya cika canzawa: wasannin da suka buga, sai labarai, sai wasiƙun masu sauraro. In hirar farko ta zarce kan lemon kwalba, haƙuri, haka suke.

Mai tsohuwar PS2: Na yarda, Yaya. Ƙari ɗaya: kada ya fara da muhawarar gwarzon wasan shekara ta ƙarshen Disamba. Kwanaki ake yi ana ta, kuma suna tona ƙarshen labarin wasanni ba tare da tausayi ba. A gama wasan tukuna.