Mai na 87 ko na 93: wanne zan riƙa sha wa Mustang ɗina?

Ɗan Zazzau a Houston:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na sayi Ford Mustang ta hannu, ƙirar 2017, mai inji 2.3 da tarbo. Shekara huɗu ina tara kuɗinta, shi ya sa ba na son ko ƙuda ya sauka a kanta. A nan kowane famfon mai maɓalli uku gare shi: 87, 89 da 93. Tun da na karɓe ta 93 nake danna mata, don wanda ya sayar mini ya ce da shi ta saba. To amma a gidan man unguwarmu bambancin ya kai santi 80 a galan, duk cikon tanki dala 11 ke ƙaruwa, ga shi sau biyar nake cikawa a wata. Dala 55 kuwa in na aika wa Hajiya gida ba ƙaramin abu za ta yi mata ba. Wani abokin aikina ya ce asara nake yi, mai duk mai ne. Don Allah masu sani ku fitar da ni duhu.

Bakanike Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Wannan lamba ba ƙarfin man take nunawa ba, juriyarsa take nunawa. Fistin yana matse mai da iska, fulogi ya kunna, wutar ta ci a jere. In matsi da zafi suka yi yawa, ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Shi ne za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ka taka totur a hawa. Ba shi ne abin da muke cewa inji ya buga ba, amma in ya daɗe yana yi, can yake kaiwa. Na taɓa buɗe wani inji na tarar da gefen fistin ya zaizaye kamar ɓera ya gaigaye shi.

Motarka tana da na'urar da ke jin wannan ƙara. Da ta ji, ƙwaƙwalwar motar sai ta jinkirta kunna fulogi, inji ya tsira, ƙarfi ya ɗan ragu. Ƙarfin doki 310 ɗin nan da Ford ta tallata ta da shi, da 93 aka gwada. Ka buɗe littafinta ka duba kalma guda: wajibi aka ce, ko shawara? A taka 87 ya halatta, mai tsadan shawara ce. Da Nissan 370Z ce da ban ba ka wannan amsa ba, ita 91 zuwa sama aka rubuta mata.

Ummu Hanif, Jidda:
Malam Bakanike ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara don kada wani ya ruɗe. Mu nan 91 da 95 muke da su, kore da ja, kuma ba ma'auni ɗaya ba ne da na Amurka. Namu irin na Turai ne. 87 ɗinku kusan 91 ɗinmu ne, 91 ɗinku kuma kusan 95. Maigidana ya yi shekara yana sha wa Corolla ɗinmu jan man, wato 95, ba ta ƙara gudu ba, ba ta rage sha ba.

Sarkin Gudu:
Ni dai 93 ko ba komai yana wanke inji. Kuma mu a Najeriya ai mai tsadan muke sha, ba PMS ake ce masa ba?

Bakanike Ƙofar Ruwa:
A'a ɗan'uwa, PMS, wato Premium Motor Spirit, suna ne kawai na fetur, kalmar farkon ba daraja take nufi ba. Maganar wanki kuma, a Amurka doka ta sa a zuba sinadarin wanki a kowane aji, har 87 ɗin. Ɗan Zazzau, da ni ne kai, watannin zafin Texas 93 zan riƙe. Tarbo yana tura iska mai zafi, ga esi a kunne, ga cunkoso, lokacin ne inji ya fi buƙatarsa. In gari ya yi sanyi kuma zuwa aiki da dawowa ne kawai, sha 87 ka kwanta da hankalinka.

Ɗan Zazzau a Houston:
Allah ya saka da alheri yaya. Na ɗauko littafin daga aljihun gaban mota, yadda ka faɗa haka na gani. Ranar Litinin na zuba 87 karon farko, gabana na faɗuwa, har rediyo na kashe na sauke gilashi ina saurare. Ban ji tsakuwar ba. Sai dai wajen hawa babbar hanya ta I-10, da na danna totur, ta ɗan yi nauyi kafin ta ɗauka. Zan ci gaba da shi har ƙarshen Afrilu, daga nan in koma 93. Dala 55 ta wannan watan kuma jiya na tura ta Zariya.