Shekara 9 ina koyarwa, murya ta tafi, jini ya hau: in ajiye ko in nemi canji?

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema, don Allah a karanta har ƙarshe. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren gwamnati, shekara 9 ke nan, matakin albashi na 9. Aji shida nake shiga, kowanne bai gaza yara 110 ba, firiyod 30 a mako, ga ni kuma malamar aji. Muryata ta dishe wata biyu ke nan, likita ya ce jinina ya fara hawa, kuma duk Lahadi da yamma gabana faɗuwa yake don tunanin Litinin. Wata makarantar kuɗi kusa da gida ta ce in zo, yara 28 a aji, amma albashin bai kai nawa ba, babu fansho. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata. In ajiye, ko in nemi canjin makaranta, ko akwai hutun da zan iya nema? Ina da bashin kwafaretib, ƙungiyarmu ta ajiya da lamuni, saura wata 14.

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam. Zuma, citta da kanumfari a ruwan ɗumi, safe da dare. Yaran firamare sai haƙuri, Malama.

Maman Iman:
Malam, sakandare ta ce. Kuma dishewar da ta wuce mako uku ba ta citta ba ce, ki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa tantanin muryar, don yawan ihu yana sa masa ƙullutu. Kafin nan: kar ki yi raɗa, ta fi magana a hankali wahalar da maƙogwaro. Ki daina gyaran murya. Gorar ruwa a kan tebur, kurɓa ɗaya duk bayan misali. Alewa mai sanyin nan ta TomTom daɗi take ba ki na minti biyar, ba ta gyara komai. Kar ki yi bayani kina fuskantar allo, a nan murya take mutuwa, ga ƙurar alli.

Tsohon VP:
Ai ba ihun kaɗai ke cin ta ba, makin takardu ne. Ku lissafa. Yara 660, gwajin CA (gwajin cikin zango) biyu da jarrabawa ɗaya, takarda 1,980 a zango. Minti biyu kowace, awa 66 ke nan, duk a gida, ban da shigar da maki da cike sakamako. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi yara 40 ga malami ɗaya a sakandare, wato kowane ajinki kusan aji uku ne. Abin yi: CA ya zama tambaya 20 ta zaɓi, kala biyu, A da B, a raba layi-layi don hana satar amsa. Ki huda takarda ɗaya a kan amsoshin daidai, ki riƙa ɗorawa kina ƙirgawa, ba za ki wuce daƙiƙa 20 ba. Aikin aji yara su yi musayar littafi su duba da jan biro, ke ki ɗauki goma ki tabbatar. Sannan ki rubuta wa mataimakin shugaba mai kula da karatu, a rubuce, ki nemi a sauke miki malamar aji, a ba ɗan bautar ƙasa aji biyu. Maganar baki a ofishin malamai iska ce.

Ɗan Alli:
Ki sayi lasifikar nan ta ɗaurawa a ƙugu mai makirufo na kai. Dubu tara ce, caji ɗaya yana yin yini.

Maman Iman:
Dubu tara a wace shekara? Yanzu sha takwas mai kyau.

Abu Hanan:
Sha biyu da ɗari biyar a Sabon Gari. Ta dubu tara batirinta ba ya kai zango, kuma in kika matso da makirufon kusa da ita sai ta yi ƙara, aji ya ɓarke da dariya.

Baban Nana:
Ku bar maganar lasifika. Malama, duk abin da za ki yi, kar ki kwana a gida ko rana ɗaya ba takarda. Maƙwabcina malamin Turanci ne, shekara 17 yana aiki. Ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo, yara suka ɗauko shi. Shugaban makarantar ya ce je ka huta, ni na san da kai. Ya huta wata biyu. Aka canja shugaban, aka zo tantancewa, babu sa hannunsa a rajistar zuwa aiki, babu takardar asibiti a fayil. Aka tsayar da albashi. Wata bakwai yana jelen ofis da sanda, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa. Wanda ya ce na san da kai ko waya ba ya ɗauka. Da aka maido da albashin ba a biya na bayan ba. Matarsa ta sayar da firij.

Malam Sakatare:
Allah ya ba shi lafiya. Ga yadda ake yi. Takardar hutun rashin lafiya daga asibitin gwamnati, ta asibitin kuɗi sau da yawa ba a karɓa sai an sa mata hannu a na gwamnati. Wasiƙa zuwa ga hukumar ilimi ta hannun shugaban makaranta, kwafi uku, a buga wa naki hatimin karɓa da kwanan wata. Canjin makaranta ma haka, ki haɗa da rahoton likita, ki ambaci makarantar da kike so, ki miƙa kafin dogon hutu, lokacin ake rabon malamai. In ajiyewa ce, sanarwar wata guda ko ki biya albashin wata guda. Bashin kwafaretib kuwa za a cire daga ajiyarki, abin da ya rage ya faɗa kan albashin waɗanda suka tsaya miki.

Baban Nana:
Kwafi uku? Shi maƙwabcin nawa, kwafi nawa bai kai ba daga baya? Sau biyu fayil ɗin yana ɓata.

Hajiya Mai Makaranta:
'Yar'uwa ki taho, lafiya uwar jiki. Makarantun kuɗi na kirki suna biyan mai lissafi dubu 60.

Ɗan Alli:
Hajiya, mai shago ba ya kushe kayansa. Dubu 30 zuwa 35 ne a yawancinsu, a tashi ƙarfe huɗu in akwai Islamiyya, watan Agusta babu albashi, iyaye na binki a WhatsApp har goma na dare. Ta tambaye su abu uku: takardar ɗauka a rubuce, albashin hutu, da darasi nawa za a ɗora mata bayan lissafi.

Baba Hedimasta:
Yaran yanzu ba ku da juriya. Shekara 35 muka yi da alli, babu wanda ya ce ya gaji. Ladan malami sai a lahira.

Ɗan Alli:
Ranka ya daɗe, mai gidan haya ba ya karɓar lada, mai adaidaita ma haka. Kuma yara nawa ne a ajinku a lokacin?

Maman Iman:
A girmama Baba, amma wanda bai shiga aji ba tun kafin cire tallafin mai a 2023 ya bari masu shiga su yi magana.

Tsohon VP:
To ni ma na yi ritaya, sai in yi shiru? Lissafin awa 66 ɗin ƙarya ne?

Abu Hanan:
Aikin gwamnatin ma wane tabbas ne da shi? A Kaduna a 2017 malaman firamare 21,780 aka ce sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su.

Malam Sakatare:
Duk da haka fansho fansho ne. Kuma dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 na aiki, a jihohin da suka aiwatar.

Ɗan Alli:
Mace ta ce shekara 9 ta gama da ita, kai kana mata albishir da saura 31.

Baban Nana:
Su fara biyan ariyas na ƙarin girma tukuna. Takarda ta ce mataki na 12, albashi na nan a na 10. Ƙarin alawus ɗin malamai na kashi 27.5 da aka yi yarjejeniya da gwamnoni tun 2008, wa ke ganin shi a cike? Amma cire kuɗin ƙungiyar malamai ba ya makara ko wata ɗaya.

Malam Sakatare:
Wanda ba ya zuwa taron reshe bai kamata ya zagi ƙungiya ba.

Malamar Lissafi:
Na gode ƙwarai. Amma wasiƙar canjin, in shugaban ya ƙi sa hannu saboda ni kaɗai ce mai lissafi, yaya zan yi?

Baban Nana:
Taron reshen da ake kira ranar Laraba ƙarfe goma, mutum yana aji? Sakatare, nawa ake cirewa a wata, kuma ina suke zuwa?