"Ɗana ba mahaukaci ba ne": yadda ta kaya a zauren unguwa

Baban Amir: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Wata bakwai ke nan da rabuwarmu da uwar yarona. Yaron na hannuna a Mabera nan Sakkwato, shekararsa 9, ci da sha da kuɗin makaranta duk a kaina. Ta kai ni ƙara kotun shari'a wai a ba ta shi. Na zaci alƙali zai ji ta bakinmu ya yanke, sai ya ɗage zama, wai sai jami'ar walwala ta duba gidana da gidan iyayenta, kuma a kai yaron wurin likitan ƙwaƙwalwa. Jiya jami'ar ta zo. Har ɗakin kwanansa ta shiga, ta fito ta ga katifarsa a shanye kan katanga, ta tsaya tana ta rubutu. E, yana fitsarin kwance tun da uwar ta tafi, to sai me? Wannan binciken dabara ce kawai ta raba uba da ɗansa. Ɗana ba mahaukaci ba ne.

Sani Kabu-kabu: Subhanallahi! Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware za su kai ɗan yaro? Kar ka yarda, Yaya. Wanda yat tai Kware ko ya warke sunan na biye da shi. Gobe in ya tashi neman aure a ce ai shi ne wanda anka kai.

Maman Khalifa: Tsaya tukuna. Wa ya ce mahaukaci? Alƙali ne ya faɗa, ko kai ka liƙa wa ɗanka da bakinka?

Baban Amir: Hajiya, mai lafiya ake kai wa likitan ƙwaƙwalwa?

Nas Hadiza: Ana kai shi mana. Ba kowa ke zuwa asibitin Kware don hauka ba, akwai masu damuwa, masu rashin barci, masu neman barin shaye-shaye. Kuma shi bai ce ma Kware aka tura shi ba, Sani ne ya kawo ta. Baban Amir, yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance sannan ya koma, abin dubawa ne. Yana iya zama ciwon mafitsara ko ciwon suga, shi ya sa ake fara gwada fitsari. In babu komai, sai a duba abin da ke cin ransa. Babu allura, babu mari. Hira ce da wasa, wani lokaci a ba shi takarda ya yi zane, don yaro ba ya iya cewa "ina cikin damuwa" kamar babba.

Baban Amir: Zanen ma jami'ar ta sa shi. Gida biyu ya zana, ɗaya nan ɗaya can, da babur a tsakiya, da wani ɗan mutum a baya ba shi da baki. Wai har wannan ta ninke ta sa a jaka. Da shi za a yi mini shari'a?

Sani Kabu-kabu: Ka ga yaro mai basira, sana'armu yaz zana.

Inno ta Runjin Sambo: Ku dai 'yan zamani. Mu da, amalala kwaɗo aka ɗaura mai ga ƙugu, yara su bi shi da waƙa, kwana uku ya bari. Wanga ba hauka ba ne, ƙiwuya ce. In ko ta ƙi, a yi mai ruƙiyya.

Nas Hadiza: Inno, Allah ya ƙara girma, amma yaron da uwarsa ta bar gida, a ƙara masa da kwaɗo?

Malam Shehu: Kun riƙe kalma ɗaya kuna ja. Haukan da fiƙihu ya yi magana a kai a babin renon yara na mai riƙo ne, ba na yaro ba: sharaɗi ne mai reno ya zama mai hankali da amana, da wurin da yaro zai tsaru. Ta yaya alƙali zai sani in bai aika an gani ba? Sannan a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, bayan saki reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta yi wani aure, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuwa tana kan uba duk inda yaron yake. Baban Amir, ka yi haƙuri, jinkirin nan ba kai ya cuta ba.

Abu Fatima: Allah gafarta Malam, Risala ba Alƙur'ani ba ce. Akwai hadisin Abu Huraira, Annabi (SAW) ya ba yaro zaɓi tsakanin ubansa da uwarsa. A tambayi yaron kawai a huta.

Malam Shehu: Da shi Shafi'iyya suka yi aiki. Kotunanmu da Malikiyya suke hukunci, a kanta Shehu Usmanu ya tafi. Ku kun karanta hadisi ɗaya a waya kun zama alƙalai.

Abu Fatima: Mu dai ba mu bin malami ido rufe. Wa ya ba ka izinin cewa "ku"? Su wa ke nan?

Lauyan Gawon Nama: Ku bar wannan. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Sakkwato ta yi tata a 2021, kuma abin da suke sa wa gaba shi ne maslahar yaro. Rahoton jami'a shawara ce ga alƙali, ba hukunci ba. In ba ka yarda da abin da ta rubuta ba, ka nemi a ba ka dama ka mayar da martani. Kuma cewa da yaro ya zaɓi ɗaya a gaban su biyun ba ƙaramin nauyi ba ne.

Garba Mai Shago: Dokar Turawa ke nan. Ni maƙwabcin Baban Amir ne, kullum shi ke sayen biskit ɗin yaron a wurina. Lafiyarsa ƙalau. Duk mai cewa mahaukaci ne Allah ya isa.

Maman Khalifa: Ikon Allah! Ubansa ne fa ya rubuta kalmar, ku hau sama ku gani. Kuma kai da biskit kake auna lafiyar yaro?

Garba Mai Shago: Ke daman an san ƙawar uwar yaron ce, tare aka gan ku a bikin Arkilla.

Maman Khalifa: Bikin 'yar yayata ne, sai in kore ta? Kai da ka saki biyu, ina nasu yaran suke?

Garba Mai Shago: Kar ki sako iyalina a ciki!

Alhaji Bello (mai kula da zaure): To ya isa haka. Ga abin da aka tsayar: kowa ya yarda yaron ba mahaukaci ba ne, kuma bai kamata a riƙa jifan 'ya'yan mutane da irin wannan suna ba. Maƙwabcinsa ya shaida Baban Amir uba ne nagari. Malamai sun yi saɓani, don haka ba a kafa hujja da ko ɗaya. Mata kuma a rage zafi, a bar shiga gidan mutane. Na rufe wannan magana.

Maman Khalifa: Alhaji, ba haka aka yi ba. Ina maganar Malam Shehu? Ina ta nas?

Baban Amir: Nas Hadiza, gwajin fitsarin nan nawa ne? Kuma sai da safe ake kai shi, ko ko yaushe?