"Snorkeling" da Hausa: ni dai na tsaya a kan iyon leƙe

'Yan uwa, ga wata kalma da ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina rubutu ne kan masu zuwa tsibiran Raja Ampat na gabashin Indonesiya, inda sai an sauka a Sorong, a hau jirgin ruwa zuwa Waisai, sannan a shiga ƙaramin kwalekwale mai inji, duk don a je a yi abin da Turawa ke kira "snorkeling". Me za mu ce masa?

Wani malami ya ce nutso, wata 'yar uwa ta ce kurme. Na gode musu, amma raina bai kwanta ba. Mai nutso barin saman ruwa yake yi ya gangara ƙasa, ko da tulun iska a bayansa ko da riƙe numfashi. Shi kuwa wannan kwance yake rub da ciki a saman ruwa, fuska a ciki, gadon baya na shan rana, bututu a bakinsa yana shaƙar iskar sarari. Ko ya ɗan yi kurme, na 'yan daƙiƙu ne ya taso. In muka ce nutso, mun ba mai karatu hoton wani aikin daban, wanda ke buƙatar horo na musamman.

Ita kanta kalmar daga Jamusanci ta fito, "Schnorchel", sunan bututun da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka riƙa zuƙo wa injinansu iska da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Wato sunan kayan aiki aka ɗora wa aikin. Shi ya sa wasu suka kawo "iyon bututu", kuma ba laifi, ana ganewa. Sai dai bututun nan tsawonsa ba ya wuce kamar santimita 40. In ya fi haka, mutum zai riƙa sake shaƙar numfashin da ya fitar, in kuma ya yi ƙasa nauyin ruwa ya danne masa ƙirji ya kasa jan iska. Bututun hanya ce kawai ta barin fuska a ruwa ba tare da ɗago kai ba.

To me ya sa ake son barin fuska a ruwa? Don a gani. Ba wanda zai yi wannan doguwar tafiya saboda bututu. Kifaye masu launi yake so ya kalla, da kunkurun teku, da murjani. Shi ya sa na ce iyon leƙe. Masu cewa ninkaya su ce ninkayar leƙe, duk ɗaya.

An ce mini leƙe na da warin leƙen asiri. Na ji, amma muna cewa "bari in leƙa su in gaishe su", ba wanda ya zarge mu. Kuma kalmar na ɗauke da ladabin da wurin ke bukata: mai leƙe da ido yake aiki, ba da hannu ba. Murjani dabba ce mai rai, ƙananan halittu ne da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, wasu ba sa ƙara ko santimita 2 a shekara. Taku ɗaya na iya karya ginin shekaru.

Wurin da halittun murjanin suka taru kuma, wanda ake kira "reef", na fi son tudun murjani, don tudu ne da ya taso daga ƙasan teku ya kusanto haske. Na san jan murjanin ado na Bahar Rum wani jinsi ne daban, ba ya gina tudu, amma dangi ne, kalmar za ta ɗauke su duka.

Ku gwada a baki: "Mun yi iyon leƙe a kan tudun murjani har rana ta karkata." Abin rufe ido da hanci na sa masa suna tabaraun ruwa. Saura faffaɗan takalmin robar nan da ake kaɗa ruwa da shi. Ƙafar agwagwa ce ta zo mini, wa ke da wadda ta fi?