Mit pai dina yana fashewa, ku taimaka

Amaryar Aboabo: Salam yan uwa, jiya na yi mit pai da nikakken nama da karas da dankali, wallahi duk ya fashe a obin kuma bayansa yayi tauri kamar katako, maigida ko tabawa bai yi ba.

Hajiya Asawase: Amarya kin murza kullun da yawa ne. Fulawa kilo 1, bota rabin kilo, ki yayyafa ruwan sanyi kadan kadan har ya hadu, shikenan ki barshi ya huta.

Yar Nima: Kuma ki bari naman ya huce tukuna, tururi ne ke fasa shi. Ki danne bakin da cokali mai yatsu, ki huda saman, ki shafa kwai.

Amaryar Aboabo: Kai Hajiya, ashe da zafinsa na zuba! Gobe sai kasuwar Kejetia sayen bota.